Shekarar da Kindirmon Inna Ya Ƙi Barci

Ranar sunan ɗan Mariyama ina zaune a zaure na ji ku a tsakar gida kuna ba baƙi labarin kindirmon Inna, kuna dariya har da riƙe ciki. Yadda kuka tsara shi, kakarku ce tsohuwa mai camfi da ta tashi korar baƙuwa a kan ƙwaryar madara, ni kuma ubanku mai ilimin lakwal na zo da madubin likita na raba gardama. Na yi shiru ne don akwai mutane. Amma ba haka aka yi ba, kuma laifina ne da na bar ku shekara da shekaru da rabin labari don rabin ya fi yi mini daɗi. Inna ta riga mu gidan gaskiya, ba ta da bakin kare kanta. To ga sauran, ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ce uffan, kun dai san halina.

Shekarar da zinariya ta ɓulla a Jado ce. Agadas ta cika maƙil da baƙi, kowa da bidonsa na ruwa da bargo, ana ta ɗare kamyo ana yin arewa. Ni saura shekara uku in ajiye alli, ina riƙe da ajin ƴan shekara goma zuwa sha biyu a lakwal ɗin unguwarmu. Mahaifiyarku ta shekara biyu da rasuwa, ku kuma kun watse, wasu Yamai, wasu gidan miji, gida ya rage daga ni sai Inna sai awakinta bakwai. Ana cikin haka wani mutumin Tasawa ya yi sallama, ya ce yana neman ɗakin da zai ajiye matarsa da ƴarsa ya je ya gwada sa'arsa. Inna ta ba su ɗakin da ke jikin zaure. Kwana biyu ya yi ya hau mota ta hanyar Dirku, daga nan kuwa sai a yi wata ba a ji muryarsa ba, don inda suke haƙa babu rezo, waya ba ta shiga. Matar sunanta Rabi, mai fara'a ce, bakinta ba ya riƙe magana, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida da safe. Ƴar kuma Zuwaira, aka sa ta a ajina. Siririya ce kamar tsinke, amma tambaya a bakinta ba ta ƙarewa. Ta taɓa tsare ni a kan me ya sa raƙumi yake daɗewa bai sha ruwa ba amma jaki ba ya iyawa, na ce ta zauna za mu zo wurin. Har yau ba mu zo ba.

Kindirmon Inna kun sha shi, amma ba ku san ƙa'idarsa ba. Ƙwaryar ta uwarta ce, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, sabulu bai taɓa ganin cikinta ba. Kullum da yamma in ta tatsi awaki sai ta ɗumama madarar, ta bar ta ta huce, ta zuba ludayi ɗaya na kindirmon jiya, wanda take kira iri, ta rufe da faifai, ta naɗe ƙwaryar da tsohon zane ta ajiye a kusurwar ɗakinta. Da safe ya yi barci, ya kama tamau. Rabin unguwa da shi ake dama hura. A wurinta abin ya wuce sana'a, sunanta ne; in aka yi baƙon kunya a gidan maƙera ko gidan liman, wurin Inna ake aikowa. Wata safiya da ɗari ya fara shigowa, Rabi ta shigo ɗibar ruwa ta tarar Inna ta buɗe faifai, sai ta tafa hannu.

"Kai, Inna! Wannan kindirmo naki ai sai da wuƙa! Ban taɓa ganin irinsa ba, har a garinmu."

Ba ta ce tubarkalla ba. Ni ban ma lura ba. Inna ta lura, ta ajiye a ranta.

Ni kuma aikina a gidan ɗaya ne, in na dawo masallaci da asuba in kwaɓa wa awaki dussa. Da sanyi ya kankama, biyu daga cikinsu suka fara tari da majina. Mai hankali da sai ya nemi likitan dabbobi. Amma ni Mushe ne, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, shekara talatin ina koyarwa, wa zai gaya mini? Na bi ta tasha wurin masu tallan magani a faranti, na sayi ƙwayoyin nan masu rabi ja rabi rawaya, waɗanda masu tafiya Jado suke saye cike da tafin hannu suna haɗiya don ciwon ciki da ciwon kai da gajiya duka. Kowace safiya in buɗe huɗu in zazzage garinsu cikin dussa, duk garken ya ci. Ban gaya wa Inna ba, don ta tsani a ba dabbarta maganin Nasara, ni kuma ba na son dogon surutu da sassafe. Tari ya tafi. Na ce madalla, abin da ya yi aiki ai ƙara shi ake yi, na ci gaba da zubawa don kada ya dawo.

Ba a yi kwana huɗu da fara wannan gwaninta tawa ba, Inna ta buɗe faifai ta tarar da ruwa tsululu, ba tsami ba zaƙi, sai wani ɗan ƙarni. Washegari ma haka. Ta aika gidan maƙera aka karɓo mata sabon iri, ta ƙara zane a kan zane, ta ajiye ƙwaryar kusa da toka mai ɗumi, ta yi duk abin da ta sani, madara ta ce ba ta san zancen ba. Ni wallahi ko a mafarki ban haɗa wannan da dussata ba. Matan unguwa suka fara zuwa jaje kamar an yi mutuwa, kowa da nata bayani, har Inna ta tuna musu da maganar wuƙa. Shi ke nan. Aka ce baƙuwar nan tana da baki. Aka daina sayen ƙosanta, in ta yaba yaro uwarsa ta fizge shi ta tofa masa addu'a. Rabi mai surutu ta koma ba ka jin komai daga ɗakinta sai motsin kwano. Abin ya ɓata mini rai, na je na sami Inna.

"Inna, wannan camfi ne. Baki ba ya shiga ƙwarya. Sanyi ne kawai."

"Sanyi? Ɗarin bana ne na fari da na gani? Shekara hamsin ina kwantar da madara cikin ɗarin Abzin, ba ta taɓa yi mini gardama ba. To kai mai ilimi, faɗa mini, me yake sa madara barci?"

"Mikrob ne."

"Ka taɓa ganinsa?"

"Yana cikin littafi."

"Ni kuwa maganar Rabi da kunnena na ji ta. In watan nan ya mutu ta nemi wani wuri."

Saura kwana ashirin wata ya mutu. Mace ita kaɗai da yarinya, a garin da ba ta da dangin iya ba ta da na baba, ga sunan mai baki a kanta, wa zai ba ta ɗaki a tsohon gari? In kuma mijin ya dawo, ina zai gan su? Wannan ya dame ni. Amma in faɗa muku gaskiya, tambayar Inna ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara talatin ina zana mikrob a tablo, allon aji, wani ɗan dunƙule mai gashi-gashi, ina dukan yara in sun manta sunansa, ni kaina ban taɓa ganinsa ba.

Akwai wata tsohuwar ɗalibata, Hajara, tana aiki a labo na wani asibiti, ita ce mai duba jini da majina. Na je na same ta na tambaye ta tambayar Inna, ba tare da na ce ta Inna ce ba.

"Mushe, ai madara ba barci take yi ba, aiki ake yi a cikinta," ta ce. "Wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, bakteri, su ake zubawa da ludayin nan. Su cinye zaƙin madara su mayar da shi tsami, tsamin ya sa ta kama. Ɗaya ya rabe ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin safiya sun cika ƙwarya. Ba duk mikrob ne mugu ba. Wasu su sa ka gudawa, wasu su yi maka hura."

Ta ga yadda na saki baki, sai ta jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin kabad. Tsohon mikroskop ne da suka daina aiki da shi, mai ɗan madubi a ƙasa wanda ake juyawa ya kamo hasken rana. Ta nuna mini yadda ake ɗiga abu a kan ɗan gilashi, ta ba ni ƴar kwalbar ruwa shuɗi da ake rina bakteri da shi don su fito fili, ta ce in dawo da shi bayan mako biyu. Ban tambaye ta abin da zai hana su aiki ba. Ganin akwatin nan ya mantar da ni abin da ya kai ni, na ɗaure shi a bayan moto ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ban taɓa yin mako irin wannan ba a duk aikina. Na fitar da tebur bakin ƙofar aji don rana, yara sama da sittin suka yi layi. Agali, ɗan wani maƙerin azurfa, shi na aika ya ɗebo mana ruwan kwamin da dabbobi ke sha a kasuwa. Ni na fara leƙawa, da niyyar in daidaita musu kawai. La ilaha illallahu! Ɗigo ɗaya, amma ga wasu abubuwa suna iyo, wani ya yi gaba ya bugi wani ya juyo, wani yana juyi a wuri ɗaya kamar an murza shi. Na manta da layi, sai da yara suka fara cewa, Mushe, mu fa? Ta farko da ta leƙa ta yi tsalle baya tana ihu, wai yana gudu zai shigar mata ido. Wata ta rantse ita da ruwa har abada. Agali ya daɗe yana kallo, ya ɗago ya harare ni.

"Mushe, wayo ne. Hoto aka sa cikin bututun, kamar na tarho."

Da can da na ja masa kunne. Ranar kuwa na ce to, ta yaya za mu gane? Suka yi ta musu, har Zuwaira ta ce a canza ruwan, in hoto ne zai zauna yadda yake. Muka aika gidan mai gadi aka tafaso mana ruwa mai tsabta, muka ɗiga, Agali ya leƙa ya ga fili fetal. Muka mayar da na kwami, ga su nan sun dawo da iyonsu. Ya sosa ƙeya ya ce to ya yarda. Ranar na kafa musu doka, na rubuta ta a saman tablo: abin da idonka ya gani shi za ka rubuta a kaye, littafin rubutunka, ba abin da kake so ba, ba kuma abin da Mushe ya faɗa ba.

Hajara ta riga ta gaya mini masu iyon nan manya ne, bakteri sun fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Don haka washegari na sayo kindirmo wurin Fulani a kasuwa, muka shafa a gilashi, muka bar shi ya bushe, muka ɗiga shuɗin. Sai ga su birjik, wasu kamar gutsattsarin tsinken tsintsiya, wasu ƴan ɗige-ɗige a jere kamar tsakiya a zare. Muka kankaro dattin haƙori da tsinke, kuma da yake babu wanda ya yarda a kankari nasa, nawa aka kankara. Da suka ga abin da Mushe yake yawo da shi a baki, ajin nan sai da darakta ya leƙo ya ga ko lafiya. Zuwaira kuwa ta hana ni sakat. Suna da ido? Suna jin zafi in an tafasa su? In mun sha hura kisa muka yi? Su ma suna da uwa? Na ce ban sani ba. Karo na farko ke nan da na faɗi haka a gaban aji, kuma rufin bai faɗo mini ba.

Daɗi ya ɗebe ni, na ce bari in ƙara musu da darasin magani, tunda rabinsu iyayensu na haɗiyar ƙwayoyi kamar gyaɗa. Na bayyana musu cewa akwai maganin da ake kira antibiyotik, aikinsa kashe bakteri, kuma likita ne kaɗai ya san wanda ya dace da kwana nawa za a sha. Ku ji fa wanda yake wannan wa'azi! Muka dama madarar gari da tafasasshen ruwa, muka zuba a kofunan shayi uku. Na fari madara zalla. Na biyu muka sa masa irin Fulani. Na uku muka sa iri, sannan na laluba aljihu na fito da ja-da-rawaya guda, cikin na awaki, na buɗe na zazzage. Muka naɗe su da tsohon bargo muka sa a kwali. Da safe yara suka riga ni zuwa. Na fari yana nan yadda yake. Na biyu ya yi barci, har Agali ya karkata kofin bai zubo ba, aka yi ta tafi. Na uku ruwa ne tsululu. Ana miƙa shi hannu zuwa hannu ana shinshinawa, har ya iso ga Zuwaira. Ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ɗaga hannu.

"Mushe, wannan irin na ƙwaryar Inna ne."

Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take.

"Kuma Mushe, ai irin wannan ƙwayar ce kake zubawa a dussar awaki. Ina ganinka in na fito hura wa innata wuta."

Ido sama da ɗari a kaina. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na buga tebur.

"Zauna! Wa ya tambaye ki? Mara kunya kawai!"

Ta zauna. Ta sunkuyar da kai, ban sake jin muryarta ba ranar.

Da aka tashi na wuce wurin Hajara, na ce mata wani abokina ne yake zuba wa awakinsa kaza da kaza, ko zai iya taɓa madara? Ta dube ni ta saman tabarau.

"Abokin nan naka, Mushe, ba shi ne mai jan bik na duba aikin yara a aljihun gaba ba? Maganin yana bin jini ya fito a madara, ya kashe masu aikin tun ba su fara ba. Kuma ku ne kuke shan madarar. Abin da ya fi wannan muni, in ana ba da shi haka barkatai, raunanan bakteri su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Ranar da ciwon gaske ya zo, a ba da maganin ya zama gari kawai. Muna ganinsu nan, masu dawowa daga daji da miki, a ba su wannan ya ƙi, a ba su wancan ya ƙi. Ka daina yau, a bar shan madarar na ƴan kwanaki, ka nemi likitan dabbobi. Kuma ka gaya wa Inna."

Na daina a ranar. Amma ban gaya wa Inna ba. Na yi lissafina irin na masu ilimi: in magani ya fita daga jikin awaki madara za ta dawo daidai, maganar baki ta mutu da kanta, Rabi ta zauna, ni kuma rawanina bai faɗi ba. Abin da ban sa a lissafin ba, a makon nan ne Inna ta hana Rabi ƙetare ƙofar zaure, ta ce ko ruwa ta je famfon waje ta ɗiba, ta kuma ɗaura laya a turken awaki. Kwana shida da haka, da asuba, na ji guɗa daga ɗakin Inna. Ta fito da ƙwarya a hannu, kindirmo ya kama tamau.

"Ka gani, mai ilimi? Kwana shida da hana ta shigowa. Yanzu kuma me littafinka ya ce?"

Kafin hantsi labari ya gama unguwa. Waɗanda da suke shakka ma suka tabbatar. Da hannuna na ƙulla wa matar nan shaida, kuma duk da haka na sake yin shiru, ina ce wa kaina gobe, gobe. Na ga Rabi tana wanke tukwanenta tana jera su cikin buhu. In mun haɗu a zaure ta gaishe ni ta kauce, ni kuma in yi sauri kamar an kira ni.

Saura kwana uku wata ya mutu, bayan an tashi lakwal, na zauna ni kaɗai a aji ina duba kaye-kayen yara na darasin kofuna. Kowa ya zana kofi uku ya rubuta abin da ya gani. Na zo kan na Zuwaira. Ta zana su tsaf, har da bargon. A ƙarƙashin na uku ta rubuta da Faransancinta mai tuntuɓe: wannan bai yi barci ba, magani ya kashe bakteri, na ga irin maganin a dussar awakin gidanmu. Gidanmu ta rubuta. Na riƙe jan bik a sama. Aikin malami biyu ne a nan, ko ya sa daidai ko ya soke, ga kuma dokata a saman tablo da rubutun hannuna. Na nemi kuskure ko na harafi ne in rataya fushina a kai, na sami biyu, amma maganar babu inda ta karkace. Na sa mata daidai, na rufe kayen, na ɗauki akwatin mikroskop na nufi gida.

"Inna, ni ne."

"Kai ne me?"

Na faɗa mata komai, tari da tasha da dussa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta taɓe baki.

"Yanzu tausayi ne ya sa ka fara yi wa uwarka ƙarya da furfurarka? Don ka rufa mata asiri?"

Kun ji fa. Na faɗi gaskiya an ƙi saye. Na ce to gani ya kori ji, na aika aka kira mini Agali da yara uku, suka kafa tebur a tsakar gida kafin rana ta faɗi. Su suka shafa kindirmonta a gilashi suka rina, don sun fi ni hannu. Da ƙyar ta yarda ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya da gefen mayafi. Ta daɗe. Agali yana gefe yana yi mata bayani, wai Kaka waɗannan su ne irin, su kike zubawa.

"Waɗannan ƴan tsinkayen?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Su ne suke yi mini aiki shekara hamsin, ban taɓa ce musu sannu ba? Ikon Allah! To ina bakinsu?"

Yara suka ce Mushe ma bai sani ba. Ta ce ai ta san da wannan. Sannan ita da kanta ta tatsi madara, ta ɗumama, ta raba ta cikin ƙwarya biyu, ta sa iri da ludayinta a kowace. Na buɗe ƙwaya ɗaya na zazzage a ta hagu. Ta naɗe su, ta kai ɗakinta, ta ce ba wanda zai shiga, har ni, musamman ma ni.

Da safe ta fito da su tsakar gida ta buɗe a gaban yaran. Ta dama ta kama. Ta hagu ruwa, da ɗan ƙarnin nan da ta sani sarai. Ta tsoma yatsa ta shinshina. Ta aiki Agali ya kira matan da suka zo mata jaje, ɗaya bayan ɗaya, har tsakar gida ta cika. Ta nuna musu ƙwarya biyun ta ce ɗanta ne ya yi wannan aiki da maganin tasha, baƙuwa ba ta da hannu, kuma duk wadda ta kai maganar baki wani gida ta koma ta ɗauko ta. Daga nan ta dogara sandarta ta nufi ɗakin zaure, mu duka muna biye. Rabi ta fito, Zuwaira a bayanta, ga buhunansu a ɗaure a bakin ƙofa. Tsohuwar nan da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa sai da dabara, ta fara durƙusawa.

"Rabi, na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah, ki kwance kayan nan."

"Haba Inna, tashi, tashi!" Rabi ta riƙe ta tana hawaye. "Na yafe duniya da lahira. Ke ai ba ki sani ba, wanda bai sani ba ba a riƙe shi." Ta share fuska da bakin zane, ta dube ni ta saman kan Inna, ba da faɗa ba. "Mushe nake ta jira. Tun ranar da yarinyar nan ta dawo lakwal tana kuka ta gaya mini, nake cewa yau zai yi magana. Ni baƙuwa ce, ba ni da bakin da zan ce ɗan masu gida ne. Yau kwana goma."

Inna ta juyo a hankali. Ita duk zatonta jiya na gano.

"Kwana goma?" ta ce. "Kwana goma kana kallona ina ɗaukar alhakin baiwar Allah, kana zaune kana shan hurata?"

Ga matan unguwa, ga ƴan ajina. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiya ba, kuma na duba ko'ina cikin ilimina ban sami abin da zan kare kaina da shi ba.

Na ce, "Haka ne, Inna."